Yadda Ake Duba Fiffiken Tsohon Ƙaramin Jirgin Sama, da Iyakar Abin da Wayarka Za Ta Iya Gani

Da yawa daga cikinmu mun sha cin karo da bidiyon wasu ƙananan jiragen sama a YouTube ko TikTok: mutum ɗaya zaune a kujera a fili, ba ƙofa ba gilashi, ƙaramin inji a bayansa, fiffike mai launi-launi a samansa kamar rumfar tamfol. Irin waɗannan ake kira oltiralait, wato jirgi mara nauyi. Darasinmu na yau a kan fiffikensu ne, musamman idan jirgin ya kwana biyu: ina yake lalacewa, yaya ake gano lalacewar, me ake gyarawa, me kuma ake jefarwa. Wayar hannu ma tana da nata aikin a ciki, za mu zo kansa.

Me ya sa tsufansu ya zama abin damuwa

A shekarar 1982 hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta fitar da dokar da aka sani da Sashe na 103. Dokar ta ce jirgi mai inji na mutum ɗaya, wanda nauyinsa ba komai a ciki bai kai fam 254 ba, kimanin kilo 115 ke nan, tankinsa bai wuce galan 5 ba, kimanin lita 19, gudunsa kuma bai haura kusan kilomita 102 a sa'a ba, to ba ya buƙatar rajista, ba ya buƙatar takardar shaidar lafiyar jirgi, matuƙinsa ma ba ya buƙatar lasisi. An sayar da dubban irin waɗannan jirage a wancan zamani. Ɗaya daga cikin mafi shahara shi ne Quicksilver MX na kamfanin Eipper da ke Kalifoniya, kuma da shi za mu riƙa misali.

To ga inda gizo ke saƙar. Jirgin da aka ƙera a farkon shekarun 1980 yau ya haura shekara 40. Ya wuce hannun mutum uku ko biyar, wani ya ajiye shi a gareji, wani a gona, kuma babu dokar da ta tilasta wa ko ɗaya daga cikinsu ya kai shi wurin injiniya ko ya rubuta tarihin gyaransa. Wanda ya saya yau shi ne sifeto, shi ne kuma wanda zai hau. A lura, wannan doka ta Amurka ce kawai. A Najeriya ko jirgi mara matuƙi sai da izinin hukumar NCAA ake tashinsa, balle wanda zai ɗauki mutum.

Yadda fiffiken yake

Idan aka zare masa riga, fiffiken MX ya yi kama da tsani a kwance. Akwai babban bututun alminiyum a gaba, akwai wani a baya, dukansu sun taso daga bututun tsakiya wanda inji da kujera ke rataye da shi. Tsakanin na gaba da na baya akwai gajerun bututu da ke hana su matsowa juna, da wani a karkace da ke hana tsanin turguɗewa. A kan wannan ake sa rigar yadin Dacron, irin yadin filafilan jirgin ruwa, sannan a zura siraran haƙarƙarin alminiyum a aljihunan rigar su ba ta lanƙwasar da ke sa iska ta ɗaga jirgi.

Bututun nan su kaɗai ba za su iya ɗaukar mutum ba. Abin da ke riƙe su shi ne igiyoyin ƙarfe. Na ƙasa sun taso daga fiffike zuwa firam ɗin da ke ƙarƙashin matuƙi, su ne ke ɗaukar nauyi yayin tafiya a sama. Na sama kuma sun taso daga wani turke da ke tsaye a tsakiyar jirgin, su ne ke hana fukafukai faɗuwa idan jirgi na ƙasa ko ya dira da ƙarfi.

Mu ɗan yi lissafi. Jirgi kilo 115, matuƙi kilo 80, mai kimanin kilo 14, jimla kusan kilo 210. Idan matuƙi ya karkata jirgi digiri 60 yana juyawa ba tare da ya rage tsawo ba, nauyin da ke kan fiffike yana ninkawa biyu, ya zama kilo 420. Guguwar iska ma takan yi haka cikin ƙiftawar ido. Kuma tunda igiyar ƙasa a karkace take, ba ƙasa kawai take jan bututu ba, tana kuma danna shi ciki wajen tsakiyar jirgi. Ma'ana babban bututun nan kullum a matse yake ta tsawonsa, kamar ginshiƙin da aka ɗora wa kaya. Wannan bayani shi ne mabuɗin abin da zai biyo baya.

Samu gwangwanin lemo wanda ba komai a ciki, ka tsayar da shi, ka ɗora masa nauyi a hankali daga sama. Zai ɗauki abin da zai ba ka mamaki. Amma da wani ya ɗan taɓa gefensa ya lotsa, nan take zai ruguje. Haka bututun fiffike yake. Ɗan lotsawar da za ka raina a jikin mota, a nan tana iya zama wurin da fiffike zai naɗe.

Gajiyar ƙarfe

Kowa ya san inda igiyar caja ke mutuwa: daidai wuyanta, inda take lanƙwasawa kullum. Ba rana ɗaya aka fizge ta ba, lanƙwasa ce kaɗan-kaɗan sau dubbai har silin tagullan ciki suka tsinke, alhali robar waje na nan lafiya. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar ƙarfe. Baƙin ƙarfe yana da wani mizani wanda idan nauyi bai kai shi ba, kusan ba ya gajiya. Alminiyum ba shi da wannan rangwame. Kowace girgizar inji, kowace dira, kowane bugun iska yana cin wani abu daga rayuwarsa, kuma ba a mayar da shi.

Tsagewar gajiya ba ta faruwa a tsakiyar bututu mai santsi. Tana neman inda nauyi ke taruwa: bakin ramin ƙusa mai noti, ƙarƙashin wosha, gefen ribit, ƙarshen bututun ƙari da aka zura a ciki, ko wani karce mai zurfi. A ranar 4 ga Afrilu 2018 fiffiken hagu na wani jirgin koyon tuƙi samfurin Piper Arrow ya cire a sama kusa da Daytona Beach a jihar Fulorida, ɗalibi da mai jarraba shi suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano tsagewar ta faro daga ramin ƙusa a gindin ƙashin fiffike, ta ci mafi yawan kaurinsa kafin ya karye, a wurin da ido ba ya kaiwa sai an kwance ƙusar. Wannan jirgi ne mai rajista da injiniyoyi ke dubawa a kai a kai. Sai ka kwatanta da wanda ya shekara goma a gareji ba mai tambayarsa.

Saboda haka dubawa ta gaskiya ba zagaya jirgi da tocila ba ce. Sai an sauke fukafukai, an zare haƙarƙari, an cire riga gaba ɗaya, an kwance ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowace mahaɗa da wayarka daga ɓangare biyu, ka sa kayan kowace mahaɗa a ledarta daban da lamba. Ranar mayarwa za ka gode wa kanka, domin wosha ɗaya da ta sauya wuri na iya sa noti ya ƙare zarensa bai matse komai ba.

Kowane bututu a wanke shi, a shanya, sannan a mirgina shi a kan tebur mai shafaffen sama. Idan yana ɗingishi, ya lanƙwashe. A bi shi da tafin hannu, domin yatsa kan ji lotsawar da ido ya tsallake. A haska shi da tocila daga gefe, haske na kwance a jikinsa, inuwa za ta tona karce da kumburi. Sai a zo kan ramuka da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Rami ya kamata ya zama da'ira cif. Idan ya zama kamar ƙwai, ƙusa ta daɗe tana wasa a ciki. Baƙin gari ko baƙin zane da ke fitowa daga gefen ribit ko ƙusa shi ma shaida ce cewa ƙarfe biyu na gugar juna. Idan kuma bututu ya baje a wurin ƙusa, wani ne ya matse noti fiye da kima ya murƙushe shi.

Farar tsatsa

Mutane da yawa sun ɗauka alminiyum ba ya tsatsa saboda ba ya yin ja. Yana yi, tasa fara ce ko toka-toka, kamar an barbaɗa gari. A ƙarƙashin garin akwai ƙananan ramuka, kuma kowane rami mafarin tsagewa ne. Wani lokaci takan bi cikin ƙarfen ta kumbura shi ya riƙa ɓarewa falle-falle, wanda ya kai nan ya gama aiki.

Inda ta fi ɓarna shi ne inda ƙarfe iri biyu suka haɗu da danshi a tsakaninsu. Ƙusar baƙin ƙarfe ko maƙalar sitenles a jikin alminiyum, da ɗan ruwa mai gishiri, sun zama ƙaramin batir ke nan, kuma alminiyum ne ke narkewa. Wuri na biyu shi ne tsakanin babban bututu da bututun ƙarin da masana'anta ke zurawa ciki don ƙarfafa wurin da igiya ke kamawa. Ruwa na shiga tsakaninsu ya kwanta shekara da shekaru. Fitsarin ɓera da sheƙar tsuntsu su ma suna cin alminiyum, ƙura kuma tana riƙe danshi. Jirgin da ya zauna kusa da teku ya fi kowanne shiga haɗari.

Abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye a nan. Kada a goge alminiyum da soson ƙarfe ko burushin waya, domin ɓurɓushin ƙarfen na maƙalewa ya haifar da sabuwar tsatsa, soson roba irin Scotch-Brite ake amfani da shi. Kada kuma a yi masa alama da fensir, saboda bakin fensir na haddasa irin wancan batir ɗin. Maka ta isa.

Inda waya ke shigowa

Cikin bututu mai tsawon mita huɗu ko biyar ba ya dubuwa da ido. A nan ne 'yar kyamarar nan mai doguwar igiya, wadda ake kira endoskop, take da amfani. Kanta bai wuce milimita 5.5 zuwa 8 ba, tana da ƙananan fitilu kewaye da ita, ana jona ta da wayar Android ta kafar USB idan wayar na karɓar OTG, wasu kuma ta Wi-Fi suke aiki. A ɗaure ta a jikin siririyar sanda don kada ta riƙa kwanciya a ƙasan bututu, a manna tef a igiyar duk bayan santimita 10 don a san nisan abin da aka gani, a rage hasken fitilar saboda alminiyum na ƙyalli ya kashe hoto. Idan ta zo da ɗan madubin gefe a sa shi, da shi ake kallon bangon bututu da bayan ramuka.

Za ta nuna maka farar tsatsa, tabon kwanciyar ruwa, shara, da ribit ɗin da bai kama ba. Amma a san iyakarta. Masu arha ba sa iya daidaita gani, hotonsu na fita ne kawai a tazarar 'yan santimita, kuma adadin megafiksel da ke jikin kwali sau da yawa talla ce. Tsagewar gajiya a farkonta ta fi silin gashi siranta, a rufe take idan ba nauyi a kanta. Ba kuma za ta ga tsakanin bututu da bututun ƙari ba, wurin da muka ce ya fi haɗari. A ganina ƙa'idar ita ce: idan kyamarar ta nuna matsala, ka yarda da ita, idan ba ta nuna komai ba, ba ta wanke bututun ba.

Don tsagewa akwai gwajin jan ruwa, wanda ke zuwa a gwangwani uku. A wanke wurin da na farko, a fesa jan ruwan a bar shi na mintunan da aka rubuta a jiki ya tsotsu cikin duk wata kafa, a goge na sama da ƙyalle, sannan a fesa farar hoda. Idan akwai tsaga, ja zai tsattsafo ya zana layi a kan farin. Yana kama tsagar da ta buɗe a sama ne kawai, kuma fenti ko datti na iya toshe ta. Wanda ya fi shi shi ne na'urar da ke aika maganaɗisun lantarki cikin ƙarfe ta karanta canjinsa, ita FAA ta wajabta a duba ramukan ƙusar dubban jiragen Piper da ita bayan haɗarin 2018. Wannan kam aikin ƙwararre ne mai horo.

Wani amfanin waya shi ne manhajar auna karkata. Bayan an mayar da fukafukai, a daidaita jirgi a ƙasa mai laushi ɗaya, a ɗora wayar a kan miƙaƙƙen katako a wuri iri ɗaya a dama da hagu. Ba lambar kanta ce abin dubawa ba, bambancin ɓangarorin biyu ne. Idan ya fito fili, akwai igiyar da ta miƙe ko bututun da ya karkace.

Igiyoyi da riga

Igiyar ƙarfe silili ne da yawa aka murɗa, galibi damtse 7 mai sili 7 ko mai sili 19. Kada a bi ta da hannu tsirara, a naɗe ƙyalle a ja a kanta, duk inda ya sarƙe akwai tsinkakken sili. A sassauta ta a ɗan lanƙwasa, waɗanda suka karye a ciki za su miƙe. An fi samun matsala a bakin ƙullin da aka matse da maƙalar Nicopress, da wurin zoben da igiya ta zagaya. Idan zoben ya miƙe ya zama dogo, igiyar ta taɓa ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta. Wasu igiyoyin an rufe su da roba, wadda kan ɓoye tsatsa a ƙarƙashinta. Igiyar da ta taɓa karyewa gwiwa ko ta nuna sili ɗaya a tsinke a fiffike, canzawa ake yi. Igiyoyin ƙasa da ba a san shekarunsu ba ma, ni dai shawarata a canza su duka, kuɗinsu bai kai komai ba idan aka duba abin da ke rataye da su.

Rigar Dacron kuwa rana ce ajalinta. Hasken UV yana cinye zaren a hankali, launi ya koɗe, yadi ya rasa ƙarfi. Kwatanta saman fiffike da ƙasansa, ko ka buɗe wani lungu da rana ba ta taɓa gani ba, bambancin launin zai ba ka labari. Sau da yawa zaren ɗinki na riga yadin mutuwa. Masu irin waɗannan jirage a Ingila suna amfani da wani ɗan ma'auni mai allura da ƙugiya da ake kira Bettsometer, a soka a yadi ko a maƙala a ɗinki a ja zuwa nauyin da masana'anta ta ƙayyade. Idan ya yage, rigar ta faɗi jarrabawa. Duk wanda ya ga yadda ranarmu ke mayar da sabon tamfol tsumma cikin shekara ɗaya ko biyu ya san abin da zai sami fiffiken da aka bari a waje. Ƙaramar huda nesa da ɗinki ana iya lika mata facin yadin filafilai, amma ruɓaɓɓen yadi ba ya karɓar faci, sabuwar riga ake ɗinkawa.

Gyara

A nan ne al'adarmu ta gyaran mota da babur za ta iya kashe mutum. Mun saba idan ƙarfe ya lanƙwashe a miƙar, idan ya tsage a kai wa mai walda. Bututun fiffike galibi alminiyum ne samfurin 6061-T6, kuma wannan T6 ɗin na nufin an gasa shi an sanyaya ta wata hanya ta musamman don ya yi ƙarfi. Zafin walda na warware wannan gashi, wurin da ya sha wuta ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, ko da ɗinkin waldar ya yi kyau kamar zane. Miƙar da lanƙwasasshe kuma na barin gajiya da ƙananan tsaga a wurin. Babban bututun da ya lotsa, ya lanƙwashe, ya tsage ko tsatsa ta rarake shi, hukuncinsa ɗaya ne: a cire a sa sabo. A kuma yanka tsohon gida biyu kada wani ya tsinta ya mayar.

Sabon ma sai an yi hattara. Alminiyum ɗin da ake ƙofa da taga da shi yawanci 6063 ne, a ido kamarsu ɗaya, a ƙarfi bai kama ƙafar wancan ba. Dole lambar ƙarfe, faɗin bututu da kaurin bangonsa su yi daidai da abin da littafin masana'anta ya faɗa. Haka ƙusoshi. Na jirgi suna da lambar AN: AN3 kaurinta inci 3/16, AN4 kuma rubu'in inci, da alama a kansu. An yi su yadda santsin jikinsu ne ke zama cikin rami, ba zaren ba, domin zare na cin bakin rami kamar zarto. Noti mai roba a ciki idan ya kai ana juya shi da yatsa ya mutu, kuma bayan an ɗaure dole a ga aƙalla zare ɗaya ya leƙo waje. A matse shi daidai ya kama, ba har bututu ya baje ba. Rami mai siffar ƙwai ba a faɗaɗa shi a sa babbar ƙusa bisa ra'ayin kai, sai idan masana'anta ta yarda da hakan a wannan wuri. Inda littafinta ya yi shiru, makanikan jirage na komawa ga kundin FAA mai lamba AC 43.13-1B, wanda ake saukewa kyauta a intanet.

Game da faci, akwai darasi a haɗarin jirgin kamfanin Chalk's a Miami ranar 19 ga Disamba 2005. Jirgin, samfurin Grumman Mallard ƙirar 1947, fiffikensa na dama ya cire jim kaɗan bayan tashi, mutum 20 da ke ciki duka suka rasu. Masu bincike sun tarar an sha yi wa fatar fiffiken faci a kan wata tsaga da ke ta ƙaruwa, ana kuma toshe yoyon mai da ke dawowa, alhali ƙarfen da ke ƙarƙashi shi ne ya karye ba a gyara ba. Tsagar da ke dawowa wuri ɗaya, ko rigar da ke yin tattara a gefe ɗaya kullum, alama ce ta wani abu a ƙasa, sai an nemo shi kafin a rufe.

Bayan an haɗa komai, a fesa maganin hana tsatsa irin ACF-50 cikin bututun, sannan a kira wani mutum daban wanda ya san jirgin ya bi kowace ƙusa, kowane fil da zoben tsaro da hotunan farko a hannunsa, domin idon wanda ya yi aiki yakan ga abin da yake zaton ya yi. A buɗe fayil a waya ko a Google Drive a rubuta ranar aiki, sa'o'in inji, abin da aka canza da inda aka sayo shi, haɗe da hotunan endoskop da nisan kowanne. Gwajin farko a yi shi da sassafe iska na kwance: gudu a ƙasa tukuna, sai ɗan tashi kaɗan a kan titin jirgi a sauka, a sake duba igiyoyi da notuna kafin a hau sama sosai.